Nibona da Karkataccen Allo

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da ranar da sunayen jikokina za su fara ɓace mini ta zo, da yammacin da na tsaya gaban allo a wata rumfar zana a nan Damagaram, na kunyata kaina da hannuna da kayan aikina. (Galibi in mutum zai sha kunya akwai wanda ya tura shi. Ni kam ni na tura kaina, har da gumi.)

Ni magini ne, ko in ce na yi gini har ƙarfi ya ƙare. Ina aji biyar aka cire ni daga lakwal, wato makarantar boko, don mahaifina ya ga hannuna ya fi kaina amfani a lokacin, kuma bai yi ƙarya ba. Daga nan duniya ta ja ni. Na ɗora bulo a Agadas, na zuba kankare a Tamanrasat, na daɗe a Sabha da Turabulus, na gangara Abijan, na biyo ta Kwatano da Kano. A hanya na kwashi harsuna kamar yadda wando ke kwasar ƙarangiya: Barbarci tun a ɗakin kakata, sai Larabci, da Buzanci, da ɗan Julanci na cefane, da Faransancin wurin gini wanda rabinsa zagi ne. Ko'ina na je sai na kai matsayin da ake ce mini Shef, wato babban ma'aikata, daga nan a kawo wani yaro mai takarda a ɗora a kaina. Ban taɓa jin haushin yaran ba. Takardar nake jin haushi. Tun ina Sabha na yi wa kaina alkawari cewa ba zan mutu ba sai na riƙe birebe, takardar gama kwaleji, da sunana a jiki.

Alkawarin ya yi ta barci har na dawo gida na yi furfura. Abin da ya tashe shi kuwa lokotoron ido ne, wato likita. Ya haska mini fitila, sannan ya ce jijiyar idona tana mutuwa a hankali. Magani zai rage mata gudu, amma ba zai tsayar da ita ba.

"Baba," in ji shi, "in akwai abin da kake son karantawa, ka karanta shi yanzu."

Ban gaya wa kowa ba, har mai ɗakina. Na dai je na shiga ajin manya da mutanen unguwarmu suka buɗe. Muna haɗuwa bayan la'asar, in yara sun tashi, a wata rumfar zana da ke gefen filin makaranta, kusa da duwatsun unguwarmu ta Birni. Malamarmu Madam Saratu ce, 'yar marigayi Malam Yohanna mai allura, maƙwabcinmu na dā. Ni na gina katangar gidansu, kuma na sha ɗaukarta a kafaɗa tana ƙarama. A waje ina ce mata 'yata. A cikin rumfa kuwa Madam ce, kuma ba ta wasa da alli.

A benci na biyu, daidai bayan ƙeyata, akwai Hajiya Cima, taubashiyata, 'yar kawuna, mai sayar da atamfa. Ta rantse ba birebe ya kawo ta ba. Ta ji na shiga ne, ta ce ba za a yi wannan kallo ba ta nan.

Shekara biyu muna tafiya, kuma ba na jin kunyar faɗa muku cewa ina cikin na gaba. Faransanci na gyara shi, tarihi ina so, labarin ƙasa kuwa har Madam takan ce in tashi in ba da labarin garuruwan da ke cikin littafi, tunda na taka su da ƙafata. Wannan shi ya kumbura mini kai.

Da muka shiga lissafin zane, abin ya burge ni. Allonmu an rarraba shi gida-gida da farin fenti, kamar daɓen tayil. Madam ta ja layi biyu masu gicciye a kai, ɗaya a kwance ta ce sunansa x, ɗaya a tsaye ta ce sunansa y (Faransawa "igirek" suke ce masa, har yau ban san laifin da ya yi musu ba). Ta ce kowane ɗigo a allon nan yana da adireshi na lamba biyu: gida nawa za ka tafi dama ko hagu, sannan gida nawa za ka hau ko ka sauka. Na ce a raina, lalle wanda ya ƙirƙiro wannan ba a Birni ya tashi ba. A Turabulus na ga gidaje da lamba, a Abijan na ga tituna da lamba. Mu kuwa a Birni adireshi shi ne: ka wuce babban dutse, ka tambayi gidan mai tanda, in ka ga akuya a kan katanga ka zo.

Sai in gaya muku halin allon, don shi ne abokin gabata a labarin nan. Ba a jikin bango yake ba, tunda rumfa ba ta da bango. Ƙafa biyu gare shi, an jingina shi da ginshiƙin rumfa. Ƙafar hagu ta sauka a kan dutse, irin wanda ke leƙowa daga ƙasa ko'ina a wannan gefen gari, ta dama kuwa ta nutse cikin rairayi. Don haka allon ya zauna a karkace, kafaɗar dama a ƙasa, kamar tsohon ɗan dako. Kowa ya saba. Ni kaɗai ne kullum in na dube shi sai haƙorana su yi tsami.

Ana nan sai aka yi mana rasuwa a Dakusa, na tafi zaman makoki. A bayan idona aka yi darasin layin kwance. Da na dawo Cima ta tare ni a bakin rumfa.

"Ɗan mace, ka sha hanya. An yi sabon abu fa ba ka nan. Zo in koya maka kafin ka zubar mana da mutuncin dangi."

"Mene ne?"

"Layin da ke kwance."

Na yi dariya har na riƙe ginshiƙi. "Ke Cima, ni za ki koya wa layin kwance? Tun kina tallan gyaɗa nake kwantar da layi. Akwai bene a Turabulus, in kin ɗora ƙwai a daɓensa ba zai motsa ba, ni na zuba shi."

"To, Allah ya ba ƙwai lafiya," in ji ta, ta wuce.

A makon ne Madam ta ce lokacin ba da sunayen masu jarrabawa ya matso, kuma ba za ta tura kowa ya je ya ɓata ransa a banza ba. Za ta gwada mu a allo ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi, bana. Wanda ya kasa, ya ƙara shiri zuwa baɗi. Wasu suka ce ai baɗi ma rana ce. Ni kaɗai na san abin da baɗi ke nufi ga idona.

Ranar gwaji na sa babbar riga. A aljihu kuma na saka nibona. Ga wanda bai san shi ba, ɗan katako ne mai tsawon taƙi ɗaya, da 'yar kwalbar ruwa a tsakiya, da kumfa a ciki. In ka ɗora shi a kan abu kumfar ta tsaya tsakiya, to abin ya kwanta daidai da ƙasa. A Sabha na saye shi, kuma tun daga lokacin bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Aka kira Cima, ta yi nata ta zauna tana gyara ɗankwali. Aka kira wasu. Sai Madam ta ce, "Baba, bismilla." Ta rubuta a saman allo: y = 3. Ta ce, "Zana mana layinsa. Wane irin layi ne?"

"Na kwance," na ce da ƙarfi, don na ji ana ta faɗa tun ɗazu.

"Madalla. Ja shi."

Na ƙirga gida uku sama a kan layin y, na sa ɗigo. Har nan babu laifi. Na ɗauki dogon katakon jan layi na ɗora a kan ɗigon. Sannan, a hankali, yadda kowa zai gani, na sa hannu a aljihu na fito da nibo.

Wani ya ce, "Kai, Shef ya zo da shiri!"

Na ɗora nibo a kan katakon, na yi ta ɗaga gefe ɗaya ina sauke ɗaya har kumfa ta tsaya cak a tsakiya. Na ja layi daga wannan baki zuwa wancan. Layi ne mai kyau, wallahi. Da za a zuba ruwa a kansa ba zai san inda zai gangara ba. Na ja da baya, na kaɗe hannu, na dubi Cima.

Madam ta dubi allon. Ta ce, "Baba, karanta mana. In x sifili ne, y nawa ne a layinka?"

"Uku."

"Tafi dama gida huɗu. Yanzu fa?"

Na ƙirga daga layin x zuwa sama. "Uku... da rabi."

"Ƙarasa bakin allo."

Na ƙirga, na sake ƙirgawa. "Huɗu. Har da ɗan ɗori."

"To, Baba, ni uku na ba ka. Ina ka samo huɗu?"

"Riba ya ci," in ji Cima daga baya. Aka kwashe da dariya.

A nan ne ya kamata mai hankali ya yi shiru ya nemi bayani. Ni kuwa sai na gyara riga na fuskanci jama'a kamar mai huɗuba. Na ce layina ba shi da laifi, allon ne ya karkace, kuma layin x na Madam ya bi allon ya karkace tare da shi. Na ce a Aljeriya da ruwa a cikin tiyo ake auna kwanciyar gini, a Abijan da na'ura mai ƙafa uku, a Kano da igiya da ido, amma duk inda ka je a duniya kwance kwance ne, kuma ƙasa ce alƙali. Na faɗi sunan abin da Larabci, na faɗa da Faransanci, na ƙara da Barbarci don kada wani ya ce bai ji ba.

Madam ta ce a hankali, "Baba, a nan ba da ƙasa muke aunawa ba. Da layin x muke aunawa."

"Layin x ɗin ne ba shi da gaskiya! Ku ba ni wuri in gyara allon, za ku gani da idonku."

Ta koma gefe ta harɗe hannu. (Daga baya ta ce mini ta san babu maganar da za ta shiga kunnena a lokacin, gara ta bar ni da allon.)

Na tuɓe babbar riga na rataya. Na fita na yi ta kwaso duwatsu, manya da ƙanana. Na sa maza biyu suka ɗaga mini gefen dama, na durƙusa a rairayi ina cusa dutse ƙarƙashin ƙafar, in tashi in ɗora nibo a saman allo, in sake durƙusawa. Gwiwoyina suna ƙara, gumi yana shiga mini ido, amma ban tsaya ba. Ina ba da umarni kamar dā: ɗaga kaɗan, sauke, tsaya nan! A ƙarshe kumfa ta zauna tsakiya. Allon nan tunda aka kafa shi bai taɓa tsayawa daidai irin na ranar ba.

Na miƙe da ƙyar, na ce, "To, yanzu ku duba!" Ban ma juya ba, jama'a nake kallo, ina jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Na ga wata mata ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta suna rawa. Sai na juya.

Layin x na Madam ya kwanta sumul. Gidajen allo duk sun daidaita. Layina kuwa, layin nan nawa mai kyau, ya ɗaga kai yana hawa dama kamar hanyar da ke haura dutse. Da na ɗaga allon, na ɗaga layin tare da shi. Yanzu ko makaho ya shafa zai san ya karkace, kuma ba sauran wanda zan ɗora wa laifi, tunda ni na daidaita allon a gaban shaidu.

Cima ta taso, ta zare nibon daga hannuna, ta ɗora a kan katako daidai da layina. Kumfar ta ruga can ƙarshe ta maƙale.

"Ɗan mace," in ji ta, "abokinka na Sabha ma ya gudu ya bar ka. Ɗora mana ƙwan nan mu gani."

Rumfa ta ɗauka. Har mai gadin makaranta ya leƙo. Ni kuwa ina tsaye da 'yar shara, gwiwa duk rairayi, ina neman inda zan sa idona. Na sha zagi daga shugabannin aiki da harshe huɗu, ban taɓa jin abin da na ji a ranar ba.

Madam ba ta yi dariya ba. Ta jira aka lafa, ta ce, "Baba, mun gode da gyaran allo. Amma sai baɗi."

Na kwana biyu ban fita ba. Ran Asabar da hantsi (Lahadi tana majami'a) na tafi gidansu, na tsaya a gindin katangar da na gina, na yi sallama. Ta kawo mini ruwa. Na gaya mata abin da lokotoro ya ce, abin da ban gaya wa kowa ba.

"Baba, don me ba ka faɗa ba tun farko?"

"Ba tausayi na zo nema ba, 'yata. Kada ki sa sunana don ido. Ki sake gwada ni kawai. In na kasa, na kasa."

"Ba zan sa don ido ba," in ji ta. "Ran Alhamis. Amma da sharaɗi: nibo ya kwana a gida."

Ta ɗauki tsinke ta zana mini gicciyen a ƙasa. Ta ce y = 3 ba ya cewa komai a kan x, don haka x ya je inda ya ga dama, dama ko hagu, kusa ko nesa, y dai uku ne. Ta sa na ɗiga ɗigo a sifili da uku, a biyu da uku, a biyar da uku, a ɗebe huɗu (wato gida huɗu hagu) da uku. Ta ce in haɗa su. Ina haɗawa sai wani abu ya faɗo mini a rai. Na ce ashe sahu na uku ne na bulo. In tushen gini ya karkace, sahu na uku ba ya daina zama na uku. Tushe yake bi, ko'ina bulo uku ne tsakaninsa da shi.

"Shi ke nan fa," in ji ta. "Abin da ka yi shekaru kana yi da hannunka."

Na koma gida na cire tsohuwar ƙofar ɗakin ajiya, na rarraba ta gida-gida da gawayi. In jingina ta a karkace dama in ja layi, in karkata ta hagu in ja, in kwantar da ita a ƙasa in ja. Matsalar ba a kai take ba, kai ya gane. Hannu ne ya ƙi. Hannun da ya tsufa yana neman daidai da ƙasa, sai in ga yana zamewa da kansa zai gyara. In goge in sake. Mai ɗakina ta tsaya tana kallona na karkace wuya gaban ƙofa, ta ce, "Malam, in wuyan ne ke ciwo a kira wanzami." Na ce mata karatu ne. Ta ce ita dai ba ta taɓa ganin karatun da ake cire wa gida ƙofa ba.

Ran Alhamis na tarar an kwashe duwatsuna kaf. Ba wannan kaɗai ba, an ma ƙara tone rairayin, allon ya kwanta dama fiye da dā. Ban tambayi wanda ya yi ba. Na dai ga ƙasa a faratan Cima.

Madam ta rubuta y = −2. Na ƙirga gida biyu ƙasa da layin x, na sa ɗigo. Na matsa dama na sake ƙirga biyu, na sa wani. Na matsa hagu na sa na uku. Na ɗora katako. A idona na magini layin nan gangara yake yi kamar magudanar ruwa, duk jikina yana ce mini ɗaga, ɗaga. Na cije leɓe na ja shi haka nan.

"A bakin allo y nawa ne?" in ji Madam.

"Ɗebe biyu."

"A ɗaya bakin fa?"

"Ɗebe biyu."

"Hawansa nawa ne?"

"Sifili. Ba ya hawa, ba ya sauka."

"A ina zai haɗu da layin x?"

"Ba za su haɗu ba, Madam, ko an ja su har Agadas."

"In na ce y = 0 fa?"

"Ai shi ne layin x ɗin da kansa. Tushen ginin."

Ta miƙa hannu ta karɓi allin. "Bana," in ji ta.

Cima ta rangaɗa guɗa har sai da Madam ta tsawata mata. Ta ce ai dole ta yi, bawan gidansu ya fita kunya.

Na zauna jarrabawar tsakiyar yara sa'o'in jikokina, da gilashi mai kauri, hancina kusan a kan takarda. Ban samu a zagayen farko ba, sai a na biyu, da ƙyar. Takardar tana rataye a ɗakina yanzu. Rubutun jikinta ya fara yi mini hazo, amma na riga na karanta shi da idona, kuma na san inda sunana yake.

Nibon kuwa, bayan gwajin na roƙi Madam ta bar ni in sake daidaita allon, don har yanzu haƙorana ba su daina tsami ba. Duwatsun da nake sawa yara suna kwashewa da safe su yi wasa, sai na gaji na cusa shi da kansa ƙarƙashin ƙafar dama. Kaurinsa ya zo daidai kamar don wurin aka yi shi. Yana nan har yau, kuma a iya sanina wannan ne kaɗai amfanin da ya taɓa yi wa ilimin lissafi.

Tun daga ranar, in na shiga wurin da ba nawa ba, kafin in sa hannu a aljihu nakan fara tambaya da me ake aunawa a nan. In kuwa na tabbata ni ke da gaskiya har ina jin in tuɓe riga in nuna wa jama'a, nakan fara waiwayawa in ga ko Cima tana benci na biyu.